Daga Hisabi Zuwa Fiziks: Tarihin Batutuwan Binciken Kimiyya a Ƙasar Katsina da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya fito daga birnin Katsina ya kama hanyar Dutsin-ma, kafin ya yi nisa zai wuce manyan makarantu huɗu kusan a jere, a ƙasar Batagarawa ko a bakin iyakarta, watau Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da Jami'ar Al-Ƙalam, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. A irin waɗannan makarantu, nan da sauran sassan Arewa, al'ada ce malamai da ɗaliban babban digiri su riƙa haɗuwa a taron ƙara wa juna ilmi, wani ya tashi ya bayyana abin da yake bincike a kai, sauran su yi masa tambayoyi. Wanda ya saba halartar na sashen fiziks zai lura cewa batutuwan ba su cika wuce 'yan kaɗan ba. Yau a yi maganar ƙurar hunturu, gobe hasken rana ko ƙarfin iska, jibi neman ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ko awon tururin nukiliya a cikin ƙasa da abinci, ko kuwa halin da sararin samaniya ke ciki a bisa kanmu.

Akwai masu ganin wannan a matsayin gazawa. Sukan ce, a shekarar 2012 masana a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba sun gano ƙwayar Higgs, a 2015 kuma aka ji motsin sarari da karon manyan ramukan samaniya biyu ya haddasa, mu kuwa muna nan muna auna ƙura. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa waɗannan batutuwa namu ba da ka aka zaɓe su ba, kowannensu yana da asali da dalili a tarihi. Sa'an nan za ta nuna inda ainihin raunin yake, domin a ganina ba inda masu sukar suke nunawa ba ne.

2.0 Kafin zuwan boko

Ba daidai ba ne mutum ya ce akwai fiziks a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, in dai abin da ake nufi shi ne ilmin da ake gwada kowace magana tasa da awo da ma'auni. Amma akwai hisabi, akwai ilmin taurari, kuma buƙatun addini da na noma su suka raya su. Salla tana son a san lokaci da alƙibla, azumi yana son ganin wata, rabon gado yana son lissafi mai kyau. Ruwayar da ake bayarwa a Katsina game da ginin masallacin Gobarau, ta gardamar da aka yi tsakanin malamai a kan ina alƙibla take, ko da an yi mata ado da karama, tana nuna cewa tambayar awo ce ta tayar da ƙura. An kuma ruwaito cewa Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta wa malaman ƙasar Yarbawa amsa a kan yadda ake tabbatar da lokacin faɗuwar rana. Manomi kuwa yana da nasa lissafin na taurari 28, kowanne da kwana 13, in ban da guda mai 14, su cika kwana 365. Har yau akwai dattawan da in ka tambaye su labarin damina, da sunan Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha za su amsa maka.

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Ya yi karatu a ƙasar nan da wajen Barno, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mai tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya kawo labarinsa a cikin littafinsa na tarihin Masar. Shi kansa Hasan masanin falaki ne, kuma a hannunsa Bakatsinen ya bar littattafansa. A cikin Bahjatul Afaƙ, wanda ya kammala wajen 1732, al-Kashinawi ya bayyana hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, irin wanda in an zuba lambobi 1 zuwa 9 a gida tara, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Masu tarihin lissafi suna ambatonsa saboda wannan. To, amma fa kada son gida ya sa mu rufe ido: littattafan nasa cike suke da ɗalasimai da duba, lissafin bawa ne a cikinsu, ba ubangida ba. Abin da za mu iya cewa da gaskiya shi ne, Katsina ta ƙarni na 18 ta iya renon mutumin da malaman Alƙahira suka zauna gabansa suka ɗauki karatu.

Akwai wani labari daga Sakkwato da ya cancanci a riƙa faɗa wa ɗalibai. Sa'ad da Baturen nan Kilafaton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya nuna masa na'urarsa ta auna tsayin rana da taurari, sai ya tarar Sarkin ya san sunayen buruji da na taurari da Larabci. Da ya komo a 1826 ya kawo masa kyautar littafin Iƙlidisu na ilmin awon siffofi, bugun Larabci. Bello ya shaida masa cewa dā ma gidansu suna da kwafi guda da aka zo da shi daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Watau dai littafin da aka gina lissafin Turai a kansa ya riga Turawan isowa nan.

3.0 Boko, da Baturen da ya zo da maganaɗisu

Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Kilifod ya buɗe ta a 1922, ba don kimiyya aka kafa ta ba. Malaman makaranta ake nema, masu Turanci da lissafi da ladabi. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, daga can zuwa Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Da wannan ƙaura Katsina ta rasa matsayinta na cibiyar ilmin boko mai zurfi, ba ta fara farfaɗowa ba sai a shekarun 1970, jami'a kuwa sai bayan shekara ta 2000. Saboda haka tarihin fiziks na wannan yanki tilas a bi shi ta Zariya, Zariya kuma ta Ibadan.

Shugaban farko na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962, masanin fiziks ne, Norman Alexander, mutumin ƙasar Niyu Zilan, wanda ya yi digirinsa na uku a Kambirij a ɗakin binciken Rutherford. Kafin Sardauna ya ɗauko shi, ya riƙe kujerar farfesan fiziks a Kwalejin Jami'a ta Ibadan daga 1952 zuwa 1960. Abin da ya tarar a Ibadan shi ne babu kuɗin da za a yi gasa da Turai wajen farfasa ƙwayar zarra, amma akwai wani abu da Turai ba ta da shi. Duniya kanta babban maganaɗisu ce, kuma akwai wani layi da ya kewaye ta inda allurar maganaɗisu take kwanciya daidai, ba ta sunkuya kudu ko arewa ba. A wancan zamani wannan layi ya ratsa Nijeriya ta wajen Kwantagora da Zariya. A bisa layin, kimanin kilomita 100 a sama, inda hasken rana yake sa iska ta iya ɗaukar lantarki, akwai wani kogin lantarki siriri da ke gudu zuwa gabas da rana, ya lafa da dare. Tun daga 1922 tashar Huwankayo ta ƙasar Peru take ganin alamarsa a na'urorinta, a 1951 kuma Sydney Chapman ya raɗa masa suna. Masana na ƙasashen sanyi sai sun yi tafiyar dubban mil kafin su auna shi, mu kuwa yana saman ɗakunanmu.

Wannan shi ya sa sashen Ibadan ya karkata ga nazarin maganaɗisun ƙasa da sararin sama, aka kuma yi sa'a Shekarar Nazarin Duniya ta 1957 zuwa 1958 ta zo ta ƙara masa ƙarfi. Cyril Onwumechili, wanda ya tashi a wannan sashe, ya shafe rayuwarsa a kan wannan kogin lantarki, har ya wallafa littafi sukutum a kansa a 1997. Daga wannan tushe ne sassan fiziks na Nijeriya suka gaji son ilmin ƙasa da na sama. A Zariya ma, Iya Abubakar, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, ko da yake malamin lissafi ne, bincikensa na Kambirij a kan yadda girgiza ke tafiya a cikin ƙasa ne. Ɗalibin da ya tashi yau ya yi bayani a kan dalilin da ke sa saƙon tauraron ɗan'adam yake rawa bayan magariba, har na'urar nuna hanya ta yi kuskure, jikan wannan gida ne ko bai sani ba.

Abu na biyu da ya tura mu ga awo shi ne tsoro. Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Raggan, cikin Saharar Aljeriya, ana tsakiyar lokacin da iska ke busowa daga hamada zuwa kanmu. Da ta yi na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, ta yanke hulɗar jakadanci da ita a Janairun 1961. Tambayar da ke bakin kowa ita ce, shin burbushin bam ɗin yana sauka a kan gero da nonon shanunmu? Ba mai iya amsawa sai mai na'urar awo. A 1964 aka kafa hukumar tarayya ta kare jama'a daga tururin nukiliya, aka ajiye ta a sashen fiziks na Ibadan.

4.0 Hunturu

A nan nake so in ɗan daɗe, domin babu batun da ya fi wannan zama namu. Kowane Bahaushe ya san hazo, ya san kaushi da faso da tarin da yake kawowa, amma ba kowa ya san daga ina ƙurar take ba. Mafi yawanta daga wani kwari ne a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, kusa da garin Faya. Shekaru dubbai da suka wuce Tafkin Chadi ya kai har can. Da ruwan ya janye sai ya bar farar laka, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da ido ba ya gani, mara nauyi kamar garin alli. Iskar arewa maso gabas kuma, in ta zo wucewa tsakanin duwatsun Tibasti da na Enedi, sai ta matsu ta ƙara gudu, kamar ruwa a bakin kwata, ta faɗa wa wannan laka ta yi sama da ita. Masana sun yarda cewa babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura, har a 2005 wata tawaga ta je ta kafa na'urori a cikin kwarin don ta ga abin da idonta.

Waɗanda suka fara damuwa da wannan a ƙasarmu ba malaman jami'a ba ne, masu duba yanayi ne na filin jirgin sama. Tun a shekarun 1940 suka gane cewa in aka aiko da labarin ƙura ta tashi a Faya, to Kano ta shirya, bayan kamar kwana guda hazo zai rufe ta, jirgi ya kasa sauka. A ƙarshen shekarun 1970 Grant McTainsh ya kafa tarkunan ƙura a ƙasar Kano, ya auna yawan wadda ke sauka da girman ƙwayoyinta, ya buga sakamakon a mujallar Nature a 1980. Irin wannan aiki ya nuna cewa ƙurar da matan gida ke sharewa suna tsaki, wani ɓangare ce na ƙasar da muke nomawa, tana zuwa da sinadaran da gona ke so.

Ina fiziks a cikin wannan? Yana wajen haske. Ƙwayar ƙura tana warwatsa hasken rana, ta mayar da wani sama, ta shanye wani, shi ya sa rana takan yi fari fat a hunturu har mutum ya iya kallonta, zafinta kuma ya ragu. Yawan abin da ta tare ya danganta ga girman ƙwayar da irin sinadarinta, kuma sai an san wannan kafin a iya lissafin yanayin duniya daidai. A Ilori akwai na'urar da ke auna wannan dusashewar hasken rana tun 1998, tana cikin jerin irinta da hukumar sararin samaniya ta Amurka ta baza a duniya. Sai dai Ilori tana can kudu, inda ƙurar ta riga ta zubar da manyan ƙwayoyinta ta gauraya da hayaƙin ƙunar daji. Katsina da Maraɗi da Damagaram su ne a bakin ƙofa. Daɗin daɗawa, lokacin ƙura da bushewar iska shi ne lokacin sanƙarau, annobar da a 1996 ta kashe fiye da mutum 10,000 a Nijeriya, akasari a Arewa. Wanda ya ce awon ƙura ƙaramin aiki ne, bai yi jinya a wannan shekara ba.

5.0 Rana da iska

Uban binciken hasken rana a wannan yanki ɗan ƙasar Hausa ne ta tsallaken iyaka. An haifi Abdu Mumuni a Tasawa a 1929, ya yi karatun fiziks a Faransa, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako a 1964, sa'an nan ya komo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar daga 1969 har tsakiyar shekarun 1980. Ya ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da na tace ruwa da zafin rana, ya kuma yi aiki a kan injin da zafin rana ke juyawa ya ɗebo ruwa. Ya rasu a 1991, aka sa wa Jami'ar Yamai sunansa. Abin mamaki, da wuya ka ji an ambace shi a azuzuwanmu, alhali daga Katsina zuwa Tasawa bai kai nisan Katsina zuwa Kaduna ba. Bambancin Turanci da Faransanci ya yi mana katangar da ba ta tsakanin kakanninmu.

A ɓangaren Nijeriya, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da tashin farashin man fetur na 1973, da ganin yadda itacen girki ke ƙarewa, su suka sa gwamnati ta waiwayi rana. A 1982 aka kafa cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006 da sunan Jami'ar Jihar Katsina, ita ma ta buɗe tata cibiyar ta makamashin da ba ya ƙarewa. Shi kansa wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa malamin kimiyyar sinadarai ne kafin ya shiga siyasa. A zamanin Abdu Mumuni tambayar ita ce yaya za a kama zafin rana. Yanzu da farantin lantarki ya yi araha ya hau rufin shaguna da masallatai, tambayar ta sauya: nawa ƙura ke ragewa daga abin da farantin zai bayar, kwana nawa ya kamata a yi kafin a goge shi a garin da ruwa ke da tsada, kuma yaya zafin bazara ke rage masa ƙarfi, tun da yake faranti ya fi aiki da haske mai yawa a jiki mai sanyi. Ga shi batun hunturu da na rana sun haɗu a wuri guda.

Iska kuwa, darasinta yana nan kusa da mu a Lambar Rimi, inda aka dasa fankoki 37 da nufin su ba da megawat 10. Wani kamfanin Faransa mai suna Vergnet aka ba aikin. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyansa Francis Collomp a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai a Nuwamban 2013, aikin kuma ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Ba siyasar abin ce ta dame mu a nan ba. Ƙa'idar da kowane ɗalibi ya kamata ya riƙe ita ce, ƙarfin da ke cikin iska yana tafiya da gudunta ninki uku a jere: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka takwas, in ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar kacal, kusan rabin ƙarfin ya tafi. Ke nan ɗan kuskure a awon iskar wuri yana iya mayar da riba hasara, kuma awon wata uku ko shida ba ya isa a san halin iskar gari.

6.0 Tukunyar Zariya

Dokar da ta kafa hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya ta fito a 1976, daga baya aka tsayar da cibiyoyin horo biyu, ɗaya a Ife ɗaya a Zariya. An daɗe ana jira, sai ranar 3 ga Fabrairu, 2004, tukunyar nukiliya ta farko a ƙasar nan ta kama aiki a cibiyar Zariya. Ƙirar ƙasar Sin ce, ƙarama ƙwarai, ƙarfinta kimanin kilowat 30, watau ba ta ba ko unguwa ɗaya wuta. Ba don wuta aka kawo ta ba. Aikinta shi ne a sa ɗan guntun ƙasa ko dutse ko hatsi a cikinta, ƙwayoyin nutron su yi masa ruwa, sa'an nan a fito da shi a saurari irin tururin da yake fitarwa, domin kowane sinadari da irin muryarsa. Da haka ake gane abin da ke cikin abu ko da bai wuce ɗaya cikin miliyan ba. A 2018 aka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai ƙarfi, irin wanda ake tsoron a yi bam da shi, zuwa mara ƙarfi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Yawancin takardun da muke ji a kan sinadaran da ke cikin ƙasar noma, ko kanwa, ko kwalli, ko turɓayar ramukan haƙar ma'adinai, da irin waɗannan na'urori ake yin su.

Amfanin wannan fanni ya fito fili a Zamfara a 2010, sa'ad da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka rasa fiye da 400. Duwatsun zinariyar da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma. Masu aikin ceto sun bi gida gida da wata na'ura ta hannu mai harba haske mai ratsa jiki a kan ƙasa, ta faɗi yawan dalmar nan take, da haka aka san tsakar gidan da za a kankare a zuba sabuwar ƙasa. Ƙa'idar da na'urar ke aiki da ita tana cikin littafin da muke koyar da 'yan shekarar ƙarshe.

Batun ruwa ba ya buƙatar dogon bayani. Mafi yawan ƙasar Katsina a kan tsohon dutse take zaune, ruwa kuma ba ya zama a cikin irin wannan dutse sai inda ya ruɓe ko ya tsage. Akan kafa ƙarafa huɗu a jere, a tura lantarki ta na gefe biyu, a auna ta na tsakiya biyu. Jiƙaƙƙen wuri yana barin lantarki ya wuce, busasshen dutse yana hana shi. Conrad Schlumberger ya fara gwada dabarar a Faransa a 1912. Kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa ba a sami ruwa ba, hujja ce ga masu wannan bincike.

7.0 Inda raunin yake

Ga masu cewa mun bar manyan tambayoyi, amsata ita ce ba a hana kowa ba. Abdus Salam na Pakistan, wanda ya sami lambar Nobel a 1979, ya kafa cibiya a Tiriyesta ta Italiya tun 1964 musamman don masanin ƙasa matalauciya ya je ya sha iska ya komo, kuma 'yan Nijeriya da yawa sun bi ta can. Nazarin da alli da allo da kwamfuta suka ishe shi ana iya yinsa a Batagarawa. Amma abin da duniya ba za ta samu a wani wuri ba sai a wajenmu shi ne labarin samanmu da ƙurarmu da ƙasarmu.

Raunin yana wajen ɗorewa. Darajar tashar Huwankayo ba tsadar na'urarta ba ce, a'a, daɗewar da ta yi tana rubuta abu guda kullum. Haka awon iskar kabon da Charles Keeling ya fara a kan dutsen Mauna Lowa a 1958: sai da aka jera shekaru sa'an nan duniya ta ga abin da ke faruwa da ita. Mu kuwa tsawon awonmu shi ne tsawon digiri. Ɗalibi ya ari na'ura, ya auna hunturu ɗaya ko rijiya ashirin, ya kare kundinsa, kundin ya hau kanta, na bayansa ya sake farawa daga farko a wani wuri da wata na'ura, ta yadda ba a iya gwama sakamakon biyu. Sau da yawa ma, in muna son sanin hasken ranar da ya sauka a garinmu, sai mu ɗauko ƙiyasin tauraron ɗan'adam na wasu, ba mu da awon ƙasa da za mu gwada shi da shi. Tsarin ƙarin girma, wanda ke ƙirga yawan takardu, shi ma bai san da mutumin da ya shekara goma yana cika littafin awo ba.

A nan ne nake ganin kwalejojin ilmi suna da abin yi wanda jami'a ba ta iya yi. Mu muke yaye malaman da ke watsuwa a Jibiya da Kaita da Mashi da Ɗanja da Funtuwa. Ma'aunin ruwan sama, da na zafi, da buɗaɗɗen kwano na tarar ƙura da sikeli mai kyau a kwaleji, ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba, in an yarda da ƙa'ida guda ta awo da littafi guda da kowa zai zuba nasa. Wannan kuwa yana jawo maganar harshe, domin mai gadin makaranta da ɗan aji shida da za su karanta ma'aunin in malam ba ya nan, da Hausa za a yi musu bayani. Ba sabon abu ba ne: tun 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka fara fitar da Ikon Allah, suna bayyana halittu da al'amuran duniya da Hausa tsantsa. Amma har yanzu ko sunan fannin ba mu daidaita a kai ba. Wasu na cewa kimiyyar lissafi, wanda ke sa mai sauraro ya zaci hisabi ne, alhali awo shi ne rabin aikin. Malaman Larabci suna da ilmin ɗabi'a, wanda Bahaushe zai ɗauka maganar hali ce. Shi ya sa na bar shi fiziks a wannan takarda, kafin masana harshe da ke zauren nan su yanke mana hukunci.

Ranar 29 ga Maris, 2006, inuwar wata ta ratsa arewa maso yammacin Nijeriya, aka yi cikakken husufin rana a Gusau da Katsina da hantsi, gari ya yi duhu na 'yan mintoci. Irin wannan lokaci dama ce ta ganin abin da zafin ƙasa da gudun iska da lantarkin sama ke yi in an ɗauke musu rana farat ɗaya, amma ba a gane sauyin sai in akwai awon ranakun da ba a yi husufi ba. Lissafin falaki ya nuna cewa ranar 20 ga Maris, 2034, wani cikakken husufin zai ratsa kudanci da tsakiyar Nijeriya, a Katsina kuma wata zai rufe babban ɓangare na rana. Kwanan watan ya faɗo a ƙarshen hunturu, lokacin da ƙura ba ta gama sauka ba.